Tabo da zanzana a wilin mota: musabbabinsu da hanyoyin gyara

Wilin alminiyam, wanda wasu ke kira rim, yana daga cikin kayayyakin da masu motoci suka fi sauyawa domin ƙawata abin hawansu. Sai dai sau da yawa ba a jimawa sheƙinsa yake dusashewa, tabo ya bayyana a jikinsa, daga bisani kuma ƙananan ramuka su fito masa tamkar zanzanar agana.

Matsalar ba ta tsaya ga muni kawai ba. Cin da ya yi zurfi yakan sa taya ta riƙa sacewa, kuma gyaran da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana iya raunana wilin har ya tsage mota tana cikin gudu. Wannan bayani ne a kan abin da ke haddasa lalacewar, da wadda ake iya gyarawa a gida, da wadda sai an kai wa ƙwararre, da kuma wadda ba ta da magani sai a sauya wilin.

Asalin wilin alminiyam

Tun a shekarar 1924 kamfanin Bugatti na ƙasar Faransa ya sanya wilin alminiyam a motarsa ta tsere samfurin Type 35. Amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne sana'ar ƙera wilin ƙawa, wanda mai mota zai saya daban ya ɗaura, ta bunƙasa. An kafa kamfanin American Racing a Amurka a 1956, da BBS a Jamus a 1970, da kuma OZ a Italiya a 1971.

Dalilin karɓuwarsa shi ne rashin nauyi, domin nauyin alminiyam bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe mai girma ɗaya da shi ba. Haka kuma yana saurin fitar da zafin birki, kuma ana iya zuba shi a siffofi iri-iri.

Ba zallar alminiyam ake amfani da shi ba. Akasarin wilin da ake narkawa a zuba a mazubi ana yin sa ne da gaurayen da ake kira A356, wanda ke ɗauke da kimanin kashi 7 cikin 100 na sinadarin silikon da ɗan magniziyam kaɗan. Bayan an zuba shi, akan gasa shi a wani ƙayyadadden zafi domin ya yi ƙwari. Wannan batu na zafi yana da muhimmanci ƙwarai idan aka zo maganar gyara.

Ire-iren fuskar wili

Kafin a taɓa wili da wani magani, wajibi ne a san irin fuskar da aka yi masa, domin abin da ke gyara wani shi ne ke ɓata wani.

Na farko shi ne mai fenti, wanda aka fesa wa fentin shimfiɗa, da na launi, sannan aka rufe da shafin kariya marar launi mai sheƙi. Shi ne ya fi yawa a kan titi.

Na biyu shi ne mai fentin gari. Ana fesa masa busasshen garin fenti da taimakon lantarki, sannan a gasa shi a tanderu a zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, garin ya narke ya zama fata mai tauri.

Na uku shi ne wanda injin sassaƙar ƙarfe ya aske fuskarsa da tsini mai bakin lu'ulu'u, ya bar siraran layuka masu walƙiya kamar na faifan CD, sannan aka rufe shi da shafin kariya.

Na huɗu shi ne gogagge, wato alminiyam tsirara da aka goge har ya yi ƙyalli kamar madubi, ba tare da wani shafi ba.

Na biyar shi ne mai kurom. A nan akan fara lulluɓe wilin da tagulla, sannan da nikel, sannan da kurom a sama, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba. Akwai kuma wani nau'in mai kama da kurom da ake yi ta hanyar turara wa wilin tururin ƙarfe a cikin rufaffen ɗaki marar iska, sannan a rufe da shafin kariya. Wannan nau'in ana kula da shi ne kamar mai fenti.

Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabewa. A ɗiga man goge ƙarfe a farin ƙyalle, a murza wani lungu da ba a gani. Idan ƙyallen ya yi baƙi, to alminiyam ne tsirara. Idan bai yi ba, akwai shafi a kansa, kuma man goge ƙarfe ba zai ƙara masa komai ba sai ƙarzuwa. Maganaɗisu kuma yana bambanta wilin baƙin ƙarfe da na alminiyam, domin ba ya kama na biyun.

Me ke kawo tabo?

Babban abokin gabar wili shi ne ƙurar birki. Duk lokacin da direba ya taka birki, takalmin birki yana goga faifan ƙarfe, ƙananan ɓurɓushin baƙin ƙarfe masu zafi su fantsama su maƙale a jikin shafin wilin. Idan danshi ya same su sai su yi tsatsa, su bar ɗige-ɗige masu launin ruwan goro waɗanda sabulu ba ya fitarwa. Ƙafafun gaba sun fi kamuwa, saboda su ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota.

Na biyu shi ne kayan wanki masu ƙarfi. Alminiyam yana da wata siririyar fata ta halitta da iska ke yi masa, wadda ke kare shi daga ci. Wannan fata tana jure ruwan da ba shi da tsami sosai kuma ba shi da kaifin kanwa sosai, amma da zarar an wuce iyaka ta kowane ɓangare sai ta narke. Duk wadda ta taɓa dafa abinci mai kanwa a tukunyar sanholo ta ga yadda cikinta ke yin duhu. Irin abin da soda da garin sabulun wanki mai ƙarfi ke yi wa gogaggen wili ke nan. Maganin wanki mai asid kuwa yakan bar farin zane kamar sawun madara, musamman idan aka fesa shi a kan wili mai zafi ya bushe kafin a ɗauraye.

Sauran abubuwan sun haɗa da ruwan rijiya ko na burtsatse mai yawan ma'adinai, wanda ke barin fararen zobba idan ya bushe a rana, da kwalta, da man birki da ya ɗiga, wanda ke tausasa fenti har ya saɓule.

Yadda rami ke samuwa

Zanzana mataki ne na gaba da tabo. Tana faruwa ne idan tsakuwa ko dakalin gefen titi ko ƙarfen cire taya ya fasa shafin wilin, ruwa mai gishiri ya isa ga alminiyam. Sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri yana huda fatar kariyar nan a wuri guda ƙanƙane. Ruwan da ke cikin ramin sai ya ƙara tsami, ya ci gaba da cin ƙarfen zuwa ciki, alhali bakin ramin a waje bai fi tsinin allura ba. Wannan ne ya sa ramin yakan fi yadda ido ke ganinsa zurfi.

Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Tasa tsatsar fara ce kamar gari, kuma tana ɗaga fenti ya yi bororo. A wilin da inji ya aske, cin yakan bi ƙarƙashin shafin kariya ya yi fararen layuka masu karkacewa kamar sawun tsutsa. A mai kurom kuwa, da zarar ruwa ya ratsa nikel ɗin, sai lulluɓin ya kumbura ya fara ɓarewa, ya bar gefe mai kaifi da ke iya yanka hannu.

Haɗuwar ƙarafa biyu mabambanta a cikin danshi ma tana gaggauta ci, kuma alminiyam ne ke shan wahalar. Ana ganin haka a inda wili ya zauna a kan cibiyar ƙafar mota, wadda ta baƙin ƙarfe ce, har wani lokaci wilin ya manne ya ƙi fita, da kuma ƙarƙashin ɗan ƙarfen balansin da ake maƙalawa a baki.

A ƙasashe masu sanyi kamar Kanada da arewacin Amurka da Jamus, ana watsa miliyoyin tan na gishiri a kan tituna duk lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara. Da yawa daga cikin motocin hannu da ake shigowa da su Afirka ta Yamma ta tashoshin ruwan Kwatano da Legas daga irin waɗannan ƙasashe suke. Saboda haka wilin da aka saya a kasuwar Ladipo ta Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, yana iya zuwa da cutarsa tun daga can, a ɓoye a bayansa ko a ƙarƙashin sabon fenti. A biranen gaɓar teku iskar gishiri tana ci gaba da aikin, yayin da a yankin Sahel ƙurar hunturu ce ke ƙarje shafin idan aka goge ta a bushe.

Fitar da tabo

Ƙa'idar farko ita ce a fara da mafi sauƙin magani, kuma a yi aikin a inuwa bayan wilin ya huce.

A fara kwarara ruwa mai yawa domin yashi ya fita. Sannan a wanke da sabulun wanke mota da soso ko buroshi mai laushi, a ɗauraye, a tsane da tsumma mai tsabta. Kada a yi amfani da soson ƙarfe.

Ɗige-ɗigen tsatsar birki ana fitar da su da maganin narkar da ɓurɓushin ƙarfe. Yana da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma yana rikiɗewa zuwa launin shunayya idan ya haɗu da ƙarfe, alamar yana aiki ke nan. Akan bar shi 'yan mintoci kaɗan, a ɗauraye shi kafin ya bushe. Kwalta tana fita da maganin cire kwalta, ko ɗan kananzir a ƙyalle, a biyo baya da sabulu nan take. Zobban ruwa kuma sukan fita da ruwan khal da aka surka da ruwa, muddin wilin mai shafi ne ko mai kurom, kuma aka ɗauraye da wuri.

Idan tabon ya ci saman shafin kariya ne kawai, man goge fentin mota yana iya share shi. Idan kuwa an goge bai gushe ba, kuma farce ba ya jin sa a sama, to yana ƙarƙashin shafin ne, babu maganin wankin da zai isa gare shi. Sai an cire shafin an sake wani.

Gyaran ramuka

A gogaggen wili, ana bin ramukan da sanfefa mai jure ruwa. Idan sun ɗan yi zurfi a fara da mai lamba 320 ko 400, sannan 600, da 800, da 1000, da 1500, har zuwa 2000, ana yi ana zuba ruwa. Ba a tsallake mataki, domin kowace lamba aikinta shi ne share zanen da ta gabanta ta bari. A ƙarshe a goge da man goge alminiyam har sheƙi ya dawo. Ya kamata a sani cewa sanfefa ba ta cike rami, rage ƙarfen da ke kewaye da shi take yi har su daidaita. Don haka ramin da ya yi zurfi sosai gara a tsabtace shi a bar shi da a sirantar da wilin.

A wili mai fenti, ya fi kyau a cire tayar gaba ɗaya. A kankare duk fentin da ya yi bororo har a isa ga lafiyayyen ƙarfe, a tabbatar babu sauran farin gari a cikin ramukan, domin duk wanda aka rufe zai sake ɗaga fentin cikin 'yan watanni. A goge maiƙo, a cike ƙananan ramuka da bodi-fila wanda aka yi domin ƙarfe, a daidaita da sanfefa. Sannan a fesa fentin shimfiɗa irin mai kama alminiyam, domin fentin gama-gari ba ya zama a kansa. Daga nan sai launi, shafi biyu ko uku marasa kauri, sannan shafin kariya.

Wurare biyu ba a sa musu fila ko fenti mai kauri: bayan wilin inda yake zama a kan cibiya, da kuma mazaunin notuna. Fentin da ke waɗannan wurare yakan murƙushe bayan an yi tafiya, notunan su saki. Bayan an mayar da wili, a ɗaure notunan gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa, a sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Wilin da inji ya aske ba ya komawa kamanninsa na asali da aikin hannu. Sai an mayar da shi kan inji an sake aske fuskar, kuma tun da kowace aska tana rage ƙarfe, ba a iya maimaita ta sau da yawa. Masu irin wannan wili da dama sukan zaɓi a yi masa fenti gaba ɗaya, wanda ya fi ƙarko.

Mai kurom shi ne mafi wuyar sha'ani. Man goge kurom yana fitar da tsatsar sama, amma idan lulluɓin ya huje ko ya fara ɓarewa, babu abin da za a shafa ya mayar da shi. Sai dai a cire lulluɓin duka a masana'anta a sake sabo, aikin da kuɗinsa kan kusanci na sabon wili. Aikin ya ƙara wuya saboda nau'in sinadarin kurom da aka saba amfani da shi wajen lulluɓin yana haddasa ciwon daji, kuma tun daga watan Satumban 2017 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi sai da izini na musamman.

Idan taya tana sacewa

Akwai cin da ba a gani daga waje, a cikin bakin wilin inda leɓen taya ke zama. A tayar da ba ta da tiyub, wannan mahaɗa ce ke riƙe iska. Idan wurin ya yi zanzana, iska takan riƙa tsiyaya a hankali, mai mota ya yi ta zuwa wurin mai faci ba a ga ƙusa ba.

Ana gane shi ta hanyar kwantar da ƙafar a zuba ruwan sabulu a kewayen bakin. Kumfa za ta nuna wurin. Maganinsa shi ne a cire tayar, a goge wurin da sanfefa har ya yi sumul, a yi masa fenti ko a shafa gam ɗin da aka yi domin toshe bakin taya. A duba ramin bawul ma, domin shi ma yakan ci. Ba abin rainawa ba ne, saboda tayar da ba ta da isasshiyar iska tana ɗaukar zafi a doguwar tafiya har ta fashe.

Lokacin da gyara ba shi da amfani

Idan aka ga tsaga a hannuwan wilin, ko a kewayen ramukan noti, ko a cibiyarsa, to wilin ya gama aiki. Haka ma wanda ci ya yi wa zurfi a waɗannan wurare, ko wanda ya lanƙwashe sosai.

Al'adar gasa wili da wutar walda domin a miƙe shi da guduma tana da haɗari. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi, don haka mai aikin ba shi da alamar da za ta nuna masa ya wuce gona da iri. Tun kafin a kai ga narkewa ma, zafin yana warware ƙwarin da aka ba ƙarfen a masana'anta. Wilin zai fito da kyan gani, amma kyan ɗan maciji ne. Saboda wannan dalili ne ma ake son mai fentin gari ya kiyaye zafin tanderunsa da tsawon lokacin gashi.

Mai sayen wili na hannu ya juya bayansa ya duba sawun walda, da hatimin da aka zuba tare da ƙarfen. Alamar JWL ta ƙa'idar ƙasar Japan ce, a Jamus cibiyoyin TÜV ne suka shahara da gwajin wili, a Amurka kuma akwai ƙa'idar SAE J2530 ta wilin da ake saya daban. Sai dai hatimi kaɗai bai isa shaida ba, domin masu jabu ma suna kwaikwayonsa.

Kare lafiyar mai aiki

Wasu magungunan wanke wili masu ƙarfi suna ɗauke da asid na haidurofulorik ko danginsa. Wannan asid yana ratsa fata ba tare da an ji zafi nan take ba, ya ci naman ciki, ya kuma janye sinadarin kalsiyam daga jini, abin da ke iya taɓa bugun zuciya. Wanda ya zubar wa ya wanke wurin da ruwa mai yawa, ya garzaya asibiti tare da robar maganin, ko da bai ji ciwo ba.

Shafin kariya mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da maganin taurarawa, yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu fentin mota cutar asma. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi. Haka kuma maganin cire fenti mai sinadarin metilin kulorayid ya yi sanadin mutuwar mutane a rufaffun ɗakuna, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar da shi ga jama'a a 2019. Safar hannu, da tabarau, da wuri mai iska, wajibi ne a kowane mataki.

Rigakafi

Wanke wili sau ɗaya a mako ko mako biyu da ruwa da sabulu marar kaifi yana hana ƙurar birki kamawa, ta yadda ba za a buƙaci magani mai ƙarfi ba. A tsane shi bayan wanki, a shafa masa man kakin mota duk bayan 'yan watanni.

Duk inda tsakuwa ta fasa fenti, a ɗiga masa ɗan fenti ko shafin kariya kafin damina ta same shi a buɗe. A wurin mai faci kuma, a nemi a sa kariyar roba a bakin ƙarfen cire taya, kuma a yi balansin da ƙarfe mai mannewa ta ciki maimakon mai maƙalawa a baki. Idan an cire ƙafa, a goge fuskar cibiyar da buroshi kafin a mayar da wilin.